Yadda ake warware rikicin launi idan an haɗa hotuna masu hawa-hawan haske

Wani ɗan kasuwa a nan Garwa, mai sayar da shadda da atamfa, ya taɓa kirana in ɗaukar masa hoton cikin shagonsa, don ya riƙa tura wa abokan cinikinsa na Marwa da Kuseri ta WhatsApp. Shagon irin dogayen nan ne masu zurfi: bakin ƙofa rana kamar ta tsone ido, can ƙurya kuwa dogon ƙwan fitila ɗaya tal. Ɗauka ɗaya ba ta iya kwashe wannan. In ka gyara wa ƙofa, ƙurya ta zama dare. In ka gyara wa ƙurya, ƙofa ta ƙone fari fat. Sai na kafa kyamara bisa ƙafa uku, na yi ɗauka uku, mai duhu, matsakaiciya da mai haske, na koma gida na haɗa su a kwamfuta, abin nan da ake kira HDR.

Da na kai masa, ya kalli waya, ya ɗaga kai ya kalli bandir ɗin da ke kan kanta, ya sake kallon waya. Ya ce, "Malam, hoto ya yi kyau, amma wannan ba kayana ba ne. Yaushe na sayo shadda ruwan hoda?" Farar shaddar da ke bakin ƙofa ce ta koma haka. Turamen atamfar ƙurya kuwa duk sun sha wani tsanwa-tsanwa kamar an jiƙa su a ruwan kuka. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, gobe zan dawo."

A daren na kwana ina jan ma'aunan launi a kan hoton da aka riga aka haɗa, ina gyara nan can na ɓaci. Sai da na haƙura na koma kan hotuna ukun na asali sannan na ga inda gizo ke saƙar. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini irin wannan kuka, abu ɗaya nake fara gaya masa: bar haɗaɗɗen hoton nan tukuna, buɗe iyayensa. Manhaja ba ta ƙirƙiro launin banza daga iska. Yawanci ɗaya daga cikin hotunan ne ya yi ƙarya, ita kuma ta gauraya ƙaryar da gaskiyar sauran.

Mataki na farko: gano hoton da ya saɓa

Jera su ukun kusa da juna a allo. A Lightroom, manhajar gyaran hoto, ka zaɓe su ka danna N, za su fito tare. Haskensu ya bambanta, don haka ido ba zai iya kwatanta launinsu haka nan ba. Dabarar ita ce ka daidaita haskensu na ɗan lokaci. Idan tazarar mataki biyu-biyu ka yi, ƙara wa mai duhu haske da +2, rage wa mai haske da −2, bar na tsakiya yadda yake. Kowane mataki ninki biyu ne na haske, saboda haka yanzu su ukun ya kamata su yi kama da 'yan uku. Zaɓi wani abu guda mara launi da ke cikin dukansu, bango mai farar ƙasa ko siminti ko farar riga, ka dube shi a kowane ɗaya. Wanda bangonsa ya karkata zuwa shuɗi ko rawaya ko tsanwa, shi ne mai laifi. In ka gama, mayar da hasken yadda yake.

Daga nan duba bayanan kowane hoto. Abu ɗaya kaɗai ya kamata ya canza tsakaninsu, wato saurin ƙiftawar kyamara. Faɗin ƙofar gilashi, lambar nan ta f, ya zama ɗaya. ISO ma, wato lambar ƙarfin jin haske na idon kyamara, ya zama ɗaya. In ka tarar da ɗaya a ISO 100 wani a 1600, to ka bar ISO a hannun kyamara, kuma ɗigo-ɗigon ja da tsanwa da kake gani a inuwa daga nan suka shigo.

Daidaiton fari

Wannan, wato saitin da ke sa fari ya fito fari a ƙarƙashin kowane irin haske, shi ne babban mai laifi, kuma shi ya fi sauƙin kamawa. A kyamarorinmu masu Faransanci za ka ga an rubuta Balance des blancs, wasu kuma WB kawai. Idan yana kan AWB, kyamara ce ke yanke wa kanta hukunci a kowace ɗauka. A hoto mai duhu tana iya bin hasken waje, a mai haske ta bi fitilar ciki, ta ba ka lambobi daban-daban. Hasken rana tsaka yana wajen 5500 a ma'aunin Kelbin, inuwar bishiya tana iya haura 7000, ƙwan fitila mai ruwan goro kuwa yana wajen 2700 zuwa 3000. Ka ga tazarar ba kaɗan ba ce.

Idan RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ka tsira. A RAW daidaiton fari alama ce kawai da aka rubuta a gefen fayil, ba a gasa ta cikin hoton ba. Ɗauki hoton tsakiya, ɗora abin ɗiban launi mai siffar ɗigau a kan wuri mai ruwan toka wanda bai ƙone ba, ka samu lambobi biyu: ɗumi, da kuma karkata tsakanin tsanwa da ruwan hoda, waɗanda Faransanci ke kira Température da Teinte. Kwafi lambobin biyu zuwa sauran hotunan. Mutane da yawa suna gyara na farko su manta da na biyu, alhali tsanwan fitila a na biyun yake ɓuya.

A nan akwai bambanci tsakanin manhajoji da ya kamata ka sani. Lightroom, tun da ya samu haɗa HDR a 2015, daga ɗanyen bayanin RAW yake haɗawa, ya ba ka fayil ɗin DNG wanda har yanzu kana iya canza masa daidaiton fari ba tare da asara ba. Amma idan Enfuse kake amfani da shi, wanda ke zuwa kyauta tare da Hugin, ko kuma kana fitar da TIFF ka kai wa Photomatix, to abin da ka fitar shi za a gauraya. Dole ka daidaita su kafin fitarwa, da lambobi iri ɗaya, da salon launi iri ɗaya, a fayil ɗin TIFF mai bit 16, wato mai matakan launi masu yawa.

Mai JPEG kuwa aikinsa ya fi wuya, don launin ya riga ya gasu. Ana iya matso da su kusa da juna da abin ɗiban launin nan, a kan wuri guda a kowane hoto, amma kada ka sa rai da yawa. Gaba ka kulle daidaiton fari da hannu, ka kuma kashe kayan taimakon da ke taɓa inuwa da kansu: Active D-Lighting a Nikon, Auto Lighting Optimizer a Canon, DRO a Sony. Kowannensu yana yi wa kowace ɗauka gyara daban.

Fitilar da ke ƙifta ido

Wannan ne ya ci ni a shagon Alhaji, kuma zan daɗe a kansa don ba kowa ke lura da shi ba. Wutar lantarki a Kamaru da Cadi tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, abin da ke sa dogon ƙwan fitila da yawancin ƙwayayen LED masu araha su yi haske su dushe sau 100 a daƙiƙa. Idonmu ba ya gani. Kyamara tana gani idan ta ƙifta da sauri. Kuma a dogon ƙwai ba haske kaɗai ke hawa da sauka ba, launin ma yana canzawa a cikin zagayen.

Yanzu yi lissafi. Na tsakiya na ɗauka a 1/125 na daƙiƙa, mai haske a 1/30, mai duhu a 1/500. Na 1/30 ya haɗiye zagaye kusan uku, launinsa ya zauna. Na 1/500 kuwa kashi ɗaya cikin biyar na zagaye guda kawai ya kama, kuma sa'a ce ke zaɓar wane kashi. Ranar nan ya faɗa kan tsanwa. Alamar wannan ciwo ita ce, ko ka sa musu lambar fari iri ɗaya, wuraren da fitila ke haskawa ba sa yarda da juna, amma wuraren da rana ke haskawa lafiya lau. Wani lokaci ma za ka ga rabin hoton sama da launi ɗaya, ƙasa da wani.

Maganinsa na gaskiya a wurin ɗauka yake. Sa mafi saurin hotunanka ya zama 1/100, wanda ya yi daidai da zagaye ɗaya cif. Sai na tsakiya 1/25, mai haske 1/6. Don ka kai nan, sauke ISO zuwa 100, ka tsuke ƙofar gilashi zuwa f/8 ko f/11. Idan an ɗauke wuta an tada gurup, kada ka amince da lissafin sosai, don ƙaramin inji ba ya riƙe 50 ɗinsa daram, yana tangal-tangal da nauyin da aka ɗora masa. A nan ƙara jinkiri, ka kuma maimaita jerin sau biyu ko uku, ka zaɓi wanda ya dace a gida. Ni dai in da hali, roƙon mai wuri nake ya kashe fitila gaba ɗaya, in bar hoton mai haske ya daɗe a buɗe.

In kuwa aikin gama ya gama, ba halin komawa, cire hoton da ya saɓa ka haɗa sauran biyun. RAW biyu masu tazarar mataki biyu ko uku sukan wadatar. Abin da ya rage na bakin ƙofa sai ka ɗauko shi da hannu daga mai duhun, tunda can rana ce ke mulki, ba fitila ba.

Fari ya koma ruwan hoda

Farar shaddar Alhaji kenan. Haka za ka gan shi a kan rufin kwano da rana ta daka, ko farin gajimare a damina, ko ƙyallin ruwan Binuwai daga kan gada. Dalilinsa yana cikin idon kyamara. Ƙananan ramukan da ke kama haske an rufe su da tacen ja, tsanwa da shuɗi, kuma a hasken rana na tsanwa ne ke fara cika ya tumbatsa. Manhaja tana ninka ja da shuɗi don ta daidaita fari. Inda tsanwa ya riga ya tsaya a iyakarsa, ja da shuɗi suka wuce shi, abin da ya rage ja ne da shuɗi a gauraye, wato ruwan hoda mai shunayya. A hoto ɗaya manhaja takan ɓoye wannan ta mai da shi fari. Da aka haɗa aka janyo hasken ƙasa sai asiri ya tonu.

Buɗe hotonka mafi duhu, kunna alamar da ke nuna wuraren da suka ƙone, a Lightroom harafin J ne. Idan har a mafi duhun wurin ya ƙone, to jerin naka bai kai ba, da ka ƙara ɗauka ta huɗu ƙasa da shi. Babu abin da za a ceto daga can, sai dai ɓoye aibi: ɗauki burushi, shafa wurin kaɗai, sauke ƙarfin launi har ruwan hodan ya tafi, ka ɗan ƙara masa ɗumi don kada ya zama toka matacciya. Fari ya fi ruwan hoda mutunci. A darktable da RawTherapee akwai sashe na musamman na sake gina wuraren da suka ƙone, gwada hanyoyinsa ɗaya bayan ɗaya kafin ka fitar da TIFF.

Idan kuwa a mafi duhun wurin bai ƙone ba amma haɗaɗɗen ya fito da ruwan hoda, manhaja ce ta ɗebo daga hoton da bai kamata ba. Cire mafi hasken, sake haɗawa, ka gani.

Fatalwa, da bakin abubuwa

Ganyen darbejiya ba ya tsayawa, mai babur ba ya jiranka. Duk abin da ya motsa tsakanin ɗauka da ɗauka yana barin inuwa, manhajoji kuma suna da maganin fatalwa: su ɗauki wurin daga hoto ɗaya kawai. Matsalar ita ce in suka ɗauko shi daga mai duhu suka haskaka, sai ka ga faci mai tsaki-tsakin launi a tsakiyar hoto mai santsi, da iyaka kamar an yanka da almakashi. A Lightroom matakan huɗu ne, daga babu zuwa mai ƙarfi. Fara da babu. Kunna jan mayafin da ke nuna wuraren da za a taɓa, ka hau mataki ɗaya-ɗaya, ka tsaya da zarar fatalwar ta tafi. A Photoshop kana iya zaɓar hoton da za a dogara da shi da kanka. Zaɓi wanda abin da ya motsa ya samu haske mai kyau a cikinsa.

Zaren shunayya ko tsanwa da ke bin bakin hasumiyar masallaci ko wayoyin lantarki kuwa laifin gilashi ne, haɗawa ƙara fito da shi kawai take yi. Akwai akwati guda a sashen gyaran gilashi na cire shi. Ga masu fitar da TIFF, a danna shi a kan kowane hoto kafin fitarwa.

Bayan an haɗa

Cire alamar da ke kan gyaran kai-tsaye a tagar haɗawa ta Lightroom. Shi ne ke janyo haske ƙasa ƙwarai, ya ɗaga inuwa sama ƙwarai, ya ƙara armashin launi, ya ba ka hoto kamar zanen bayan mota. Fara daga hoto lami ka gina da hannunka. Duk lokacin da ka ɗaga inuwa ko ka ƙara kaifi, launi yana ƙara ƙarfi ko ba ka taɓa shi ba, don haka sau da yawa ragewa ake yi, ba ƙari ba.

Fatar mutane ita ce ma'aunina. Baƙar fata da aka ɗaga wa inuwa fiye da kima tana komawa toka-toka kamar mai fama da hunturu bai shafa mai ba, in an ƙara launi kuma ta koma ruwan lemo. Amarya ba za ta yafe maka ko ɗaya ba. In akwai mutum a hoto, daga ɗauka ɗaya nake ɗauko shi gaba ɗayansa.

Ga wata dabara da ta fi duk jan ma'auni. Buɗe hoton tsakiya, wanda launinsa ya fi gaskiya, a Photoshop ko GIMP. Ɗora haɗaɗɗen a kansa a matsayin shimfiɗa ta biyu, ka tabbata sun hau juna daidai. Canza yanayin gaurayar ta sama zuwa na haske zalla, wanda Photoshop na Faransanci ke kira Luminosité. Yanzu haske da duhu daga haɗaɗɗen suke, launi kuwa daga hoto ɗaya mai gaskiya. Sai dai inda na tsakiyar ya ƙone, kamar taga ko sararin sama, ba shi da launin da zai bayar, wurin zai fito toka. Can sai ka sake ɗora kwafin haɗaɗɗen a yanayinsa na kullum, ka rufe shi duka da baƙin mayafi, ka buɗe tagar kawai da farin burushi mai laushi.

Inda hasken taga da na fitila suka haɗu a ɗaki ɗaya, babu lambar fari guda da za ta gamsar da su biyun. Daidaita wa abin da aka biya ka dominsa, a wurin Alhaji kayan kanta ne, sannan ka shafa wa ɗaya ɓangaren burushi ka gyara ɗuminsa shi kaɗai.

Wata magana kan hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu sararin samanmu ba shuɗi ba ne, fari ne mai ƙasa-ƙasa, haka Allah ya yi shi. Wanda ya je duwatsun Rumsiki a hunturu ya dage sai ya mai da shi shuɗi da ma'aunin cire hazo, jirwaye zai samu, da zoben haske kewaye da duwatsun. Irin wannan sama mai santsi ita ce kuma ke fara tsagewa layi-layi idan ana aiki a bit 8, mai matakai 256 kacal ga kowane launi. Zauna a bit 16 har zuwa fitarwar ƙarshe. Ƙurar da ta shiga idon kyamara ma a nan take bayyana, ɗigo-ɗigo masu duhu da haɗawa ke ƙara wa baƙi. A zafin Maris da Afirilu kuma, da ake haura digiri 40, kyamarar da ta sha rana tana ƙara tsaki a inuwa, har da ɗigon ja da shuɗi a ɗauka mai tsawo. Ajiye ta a inuwa, kashe allon baya tsakanin jeri da jeri.

Ya yi kyau a kwamfuta, ya mutu a waya

Wannan ba laifin haɗawa ba ne, amma a kansa ake ɗora shi. Lightroom yana aiki a cikin faffaɗan filin launi irin na ProPhoto, kuma in ka tura hoto zuwa Photoshop sau da yawa a haka yake tafiya. Ka ajiye shi JPEG a haka, waya ta karanta lambobin kamar na sRGB ne, wato ƙaramin filin launin da aka saba da shi a intanet, sai ja ya dushe, fata ta yi fatsi-fatsi mai tsanwa. Duk abin da za shi WhatsApp, Facebook ko wurin wankin hoto na unguwa, fitar da shi a sRGB. A Photoshop umarni biyu ne masu kama da juna: ɗaya yana juya hoton zuwa sabon filin, Convertir en profil, ɗayan laƙaba masa suna kawai yake yi, Attribuer un profil. Na farkon kake so. Haka nan in ka ga sunan fayil ɗin kyamararka ya fara da ɗan layi a ƙasa, kamar _DSC ko _MG, kyamarar tana kan Adobe RGB. Ga RAW ba komai, ga JPEG a juya shi.

Sababbin Lightroom, daga ƙarshen 2023, suna da wani maɓalli mai suna HDR a sashen gyara. Wannan na allo masu tsananin haske ne, ba shi da alaƙa da haɗa hotuna. In ba ka san allon da za a kalli aikinka a kai ba, bar shi a kashe.

Kafin ka yanke hukunci a kan kowane launi, kashe hasken dare na kwamfuta da na waya, wanda ke mai da allo rawaya bayan magariba. Na taɓa ɓata sa'a guda ina cire rawayar da ba ta cikin hoton. Sannan tura hoton a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, don kada WhatsApp ya matse shi.

Washegari na koma shagon da hantsi, kafin rana ta faɗo bakin ƙofa. Na roƙi Alhaji ya kashe fitila, na kulle fari a kan farar takarda da na jingina da kanta, na yi ɗauka huɗu maimakon uku. Da na kawo, ya sa yaronsa ya sauko da turmi guda mai ruwan goro da shuɗi, ya shimfiɗa a kan kanta, ya ɗora wayar a gefensa ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa yaron, "Tura wa mutanen Marwa."